Takardun Cikin Faya-fayan Malam Dabo

Daga Hajiya Huseina, Greensboro, kwana arba'in da uku da rasuwar Malam

Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Sa'ida, da yara da jikoki. Duk wanda ya taka gidanka a Funtua don gaisuwar yayanka ka yi masa godiya, Allah ya ba da lada. Ni lafiyata lau ban da gwiwar hagu, ita kuwa tun Malam na da rai take wannan hali, ba takaba ce ta kawo ta ba.

Za ka ce me ya sa na rubuto takarda ga waya a hannuna. A waya katse ni kake yi. Sau uku muna magana, ban taɓa kai ƙarshen zance ba sai ka ce "a'a Yaya, tsaya ki ji". To takarda ba ta da tsaya ki ji. Na rubuta da ajamina na ɗauki hotonta na turo, Chamsiya maƙwabciyata 'yar Damagaram ce ta nuna mini wurin dannawa. Kai ma ka amsa da ajami. Bokonka ƙanana ne kamar kashin ɓera, idona ba ya kama su.

Maganar faya-fayai ce. Muzammil ya gaya mini abin da kuka yanke kai da shi. Wai in na fita takaba in koma gidansa a Sedgefield, faya-fayan Malam kuma a zuba a tirash, wato shara, tunda babu wurin ajiyewa. Ban san ranar da kuka zauna ba. Ban ji an kira ni ba. Ɗan da na haifa da yaron da na tarar da ƙazwa a gwiwarsa ranar da aka kawo ni gidanku, su ne suka zauna suka yanke.

Ba don ina son kayan nan ba. Kai shaida ne. Tun da gidan rediyo suka tura yayanka Jamus koyon injin ɗaukar magana ya dawo da akwatin ƙarfe cike da su nake fama. Ya zo ƙasar nan ya ƙara, duk Asabar yana bin shagunan gwanjo na Gate City Boulevard yana kwasowa, yanzu ɗari uku da arba'in ne a kan katakon da ya kafa da hannunsa. Shekara arba'in da takwas kunnena yana shan wannan azaba. Na yi daka ba don ina da abin dakawa ba, don turmi ya rufe ƙarar. Na yi yaji sau ɗaya a kansu, a Kaduna, kai ka zo biko.

Saboda haka nawa ne. Wanda ya sha wahalar abu shi ke da ikon zubar da shi. Ranar da na ga dama zan zubar, ranar da ban ga dama ba suna nan. Kada wanda ya taɓa.

Matar yayanka,
Huseina

Daga Alhaji Ma'aruf, Funtua, 23 ga Agusta

Yaya Huseina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, na karanta shi sau biyu, na biyun a fili, Sa'ida tana ta dariyar maganar ƙazwa. Muna lafiya. Ruwa ya zauna sosai bana, masara ta yi goyo. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta.

Ga ajamin kin samu, ko da yake hannuna ya manta shi, shekara talatin da biyar ina rubuta boko a allon makaranta.

Yaya, ba raini ba ne. Yanzu ni ne babba a gidan, abin da ya shafi Yaya Dabo a kabarinsa ya shafe ni. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce kayan kiɗa da mamaci ya bari, muddin ana kunna su, ana tsoron kada nauyin ya riƙa bin sa. Mutum yana barin rijiya ko bishiya ko ɗa nagari, su ke bin sa da lada. Mu kuma za mu bar masa ɗaki guda na ƙarar ƙarafa?

Kuma tsakani da Allah wannan ba kiɗa ba ne ma. Da kalangu ne ko goge irin namu, sai a ce mutum ya bi son zuciya. Wannan fa ranar da ya fara kunna shi a zauren Baba, Baba ya ce a kai garmahon wurin mai gyara, ya lalace a jirgi. Ke da bakinki kin ce kamar ana yanka kaji. Me za ki riƙe a cikin yankan kaji?

Mai takaba zikiri ya kamace ta da natsuwa. Ki bar Muzammil ya kwashe su tun yanzu, idonki ma ya huta da ganinsu. Gidansa babba ne, an ce har ciyawar filin wasan attajirai ake hangowa ta taga. Ba za mu bar ki ke kaɗai a wancan gida ba.

Ƙaninki,
Ma'aruf

Daga Hajiya Huseina, Greensboro, kwana sittin da ɗaya

Alhaji Hedimasta,

Sallama. Na ji masara ta yi goyo, Allah ya kai mu kaka. Nan zafi ne, gyare na kuka a bishiyoyi tun safe kamar an biya su. Gwiwa tana nan. Ciyawar attajirai kuwa ka gaya wa Muzammil ni ba akuya ba ce.

Malamin unguwarku ya taɓa jin faifan? Bai taɓa ba. Ni na ji. Kuma tunda ka ce muddin ana kunnawa, to bari in gaya maka, ana kunnawa. Ni nake kunnawa.

Ranar da wasiƙarka ta zo na shiga ɗakin da niyyar in ga abin da ake ta rigima a kai. Na ɗora ɗaya a garmaho bai yi magana ba, allurar ta mutu. Na aika aka kira Desmond, baƙin Ba'amurken nan na ƙarshen layinmu, tsohon direban bas, shi ne abokin sauraron Malam duk Lahadi. Ya zo da sabuwar allura, na koma kicin ya saka, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce mini in ɗora ta a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Ya share hawaye ya tafi. Ni ban yi kuka ba, na yi na kwana uku na gama.

Ka ce ba kiɗa ba ne. Ni ma haka na ce. Amma bari in gaya maka abin da yayanka ya gaya mini tun muna Kaduna, lokacin na yi kamar ban ji ba. Ya ce mutanen nan na Jamus da Folan da Hangare, da aka gama yaƙin duniya na biyu, sun fito daga rami sun tarar garuruwansu sun zama kufai, iyayensu a ƙarƙashin gini. Sai suka ce kiɗa mai daɗin nan da aka yi ta yi musu har aka kai su ga wannan, ba za su ƙara yin sa ba. Suka tara makaɗa mutum tamanin, ɗari, da wani a gaba yana kaɗa ɗan sanda, suka ce kowa ya nemo ƙarar da ba a taɓa ji ba. Mai goge ya juya gogen ya ƙwanƙwasa bayansa. Goge hamsin su ja tare kowa da muryarsa, kamar zuma ta tashi daga amya. Wani wurin kuma shiru, har ka tashi ka duba ko wuta aka ɗauke, sai ƙarfe ya faɗo maka a ka. An ɗauka a faifai, yayanka ya ga injin da aka ɗauki wasu da idonsa a birnin Kolon na Jamus.

Daɗi? Babu. Amma ni ma yanzu ba daɗi nake nema ba. Matan da ke zuwa gaisuwa kowa da magana mai daɗi, har ta gundure ni.

Kullum da hantsi, in na gama lazimina, ka ji ko, na gama shi tukuna, sai in shiga ɗakin mu zauna da yayanka. Faifai ɗaya a rana. Yana gaya mini abubuwan da bai taɓa faɗa ba yana da rai. Shekaranjiya har dariya ya ba ni, na ce kai Malam ashe haka kake. Me ya ce? Ba naka ba ne.

Huseina

Daga Alhaji Ma'aruf, Funtua, 18 ga Satumba

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai dai wasiƙarki ta hana ni sukuni. Kwana tara ina juya ta ban amsa ba. Mace ita kaɗai a gida, cikin takaba, ta ce tana zama da mamaci yana ba ta dariya, ga wannan ƙara a kunnenta kullum. Yaya, ko kaɗaici ne ko wani abin ne ya samu ƙofa, Allah ya tsare. Sa'ida ta ce a yi miki rubutu, an fara.

Kada ki yi fushi, zan faɗa miki gaskiya don kada ki ji a bakin wani. Ni na sa Muzammil ya je ya duba ɗakin yau Alhamis, da kika tafi ganin likitan ido da maƙwabciyarki. Na ce kada ya fitar da faifai ko ɗaya, tunda kin hana, kuma bai fitar ba. Amma ya kira ni. Ya ce a cikin kwalin kowane faifai akwai takarda da rubutun Larabci da hannun mahaifinsa. Kowane ɗaya. Kin ga ashe Yaya Dabo da kansa ya san akwai abin tsoro a cikin kayan nan, shi ya sa ya bi su da ayoyi yana tsarewa.

To aya ba ta kwana da kiɗa a riga ɗaya. Na ce ya zare su duka, da alwala, ya kai masallacinku inda ake tara tsofaffin takardun Alƙur'ani a ƙone su da mutunci. Yaron kirki, awa uku ya yi yana yi, ya ce bai bar ko ɗaya ba. Faya-fayanki suna nan yadda kika ce. Mun dai raba tsarki da abin da ba shi ba.

Ki yi haƙuri, don shi muka yi, kuma don ke.

Ma'aruf

Daga Hajiya Huseina, Greensboro, kwana saba'in da biyar

Ma'aruf,

Sallama, don ita wajibi ce. Lafiyata ba ruwanka.

Ina da tambaya. Wannan takarda da ke hannunka, da wane rubutu na yi ta? Aya ce? Kai da ka amsa mini da irinsa har sau biyu, da ka ce Sa'ida ta yi dariyar ƙazwa, Alƙur'ani ka karanta mata? Muzammil ban ga laifinsa sosai ba. Yaron da ya tashi nan, Hausar ma da ƙyar, in ya ga baƙin Larabci ko a buhun shinkafa ne sai ya ɗauke daga ƙasa ya sumbata. Mu muka koya masa haka. Amma kai? Ku biyu kuka yi makarantar allo ɗaya da yayanka. Ka san da ajami yake rubuta komai, har sunan maganin hawan jininsa. Ka ce a turo maka hoton ɗaya ka gani, minti nawa zai ci? Ba ka ce ba, don ka riga ka gama yanke cewa na haukace.

Bari in gaya maka ayoyin da kuka tsarkake. Duk faifan da Malam ya saurara, sai ya rubuta ranar, da abin da ya ji, da abin da ni na ce. Ni. Shekara arba'in da takwas mutumin nan yana rubuta zagina yana ajiyewa ban sani ba. Na farkon da na ciro ya ce: "Kaduna, ranar sunan Khairiyya da yamma. Huseina ta ce kamar ana yanka kaji. A minti na uku ta yi gaskiya." Wani ya ce: "Ta leƙo ta ce in masu gogen nan yunwa suke ji a ba su tuwo su yi shiru. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Ta ɗauka ban gani ba." Wannan ne zaman da nake yi da yayanka. Ba aljani, ba iska. Takarda ce da tabarau. Ɗaya nake buɗewa a rana don kada su ƙare da wuri. Ashirin da shida kawai na karanta.

Ranar Juma'a da hantsi na zaro faifai na girgiza kwalin, babu komai. Na biyu babu. Na goma babu. Na kira Muzammil yana ofis, ya ce da ni da Turanci wai kawu ne ya ce. Na ce da Hausa na haife ka, da Hausa za ka gaya mini ina ka kai. Ya ce masallaci, kuma ranar Asabar ake ƙonawa bayan asuba.

Na ce Chamsiya ta fito da mota. Ta ce Hajiya takaba fa. Na ce takabar wa nake yi? Mijin nawa ne a cikin kwali za a cinna masa wuta. Ranar Juma'ar mun je mun tarar da ofishin masallacin a kulle bayan an watse, mai makullin ya tafi aiki. Asabar gari na wayewa muna can. Ka gaya wa malamin unguwarku na fita, da zanen takaba, ba hoda ba turare, na kuma zagaya ta ɓangaren maza don ta nan hanyar bayan masallacin take. Ya rubuta a inda yake rubutawa.

Na tarar da Boukari, mai kula da masallacin, shi ma mutumin Nijar ne, a gaban rabin duro, wuta na ci. Yana tsaye da takarda ɗaya a hannu, bai jefa ba, bakinsa yana motsi. Ya gan ni ya ce, "Hajiya, fardon, ki yi haƙuri, shekara goma sha biyu ina wannan aiki, ban taɓa ganin addu'a da jaki a ciki ba." Na ce karanta. Ya karanta: "Huseina ta ce kamar jaki ya faɗa rijiya da kwanuka a bayansa." Na ce ni ce Huseinar, jakin kuma na san shi, ba ni kayana. Ya ce wallahi da bisimilla yake ta zubawa damƙi damƙi bai duba ba, sai da wannan ta faɗi ƙasa ya sunkuya. Ba laifinsa. Ya juye mini sauran a ɗankwalin Chamsiya.

Na ƙirga a mota. Ɗari biyu da arba'in da huɗu. Casa'in da shida sun tafi, kuma ban san abin da ke cikinsu ba, ba kuma zan sani ba har in mutu.

Waɗanda suka tsira ma a cakuɗe suke. Malam bai rubuta sunan faifai a kansu ba, me zai sa ya rubuta, takarda tana cikin rigarta. Sunayen da ke kan kwalayen kuma da Jamusanci ne da wasu harsunan, ko Desmond ba ya iya faɗarsu.

Kun raba tsarki da abin da ba shi ba. Sannunku da aiki.

Kada ka kira ni.

Huseina

Daga Alhaji Ma'aruf, Funtua, 14 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Yau sati uku ke nan. Na rubuto sau biyu, na ga alamar kin buɗe, ba ki amsa ba. Muzammil ya ce kina buɗe masa ƙofa ki karɓi cefane ki rufe. Muna lafiya, an fara yankan dawa. Ke ce ban sani ba ko kina lafiya.

Ba ni da abin kare kai. Gaskiyarki, ban ce a turo hoto ba. Na ji tsoro, kuma na ji daɗin a ce ni ne na gano abin da ke damunki. Shekara talatin da biyar ina gaya wa yara su karanta tambaya kafin su amsa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da Baba ya ce a kai garmaho wurin mai gyara, ni aka ɗora wa a ka. A hanya Yaya Dabo ya ce mu tsaya gidan abokinsa mai lantarki, ya kunna mini faifan tun daga farko, ya ce Ma'aruf kai ɗan makaranta ne, kai za ka gane. Ya zauna yana kallon fuskata. Ni kuwa da aka zo wani wuri da ganguna suka ruguzo gaba ɗaya, na tashi na fita da gudu, na je na ba samarin unguwa labari, aka yi wata guda ana kiransa Bajamushe mai kukan ƙarfe. Bai ƙara kunna mini ba. Bai kuma ƙara yi mini maganar ba har ya bar duniya. Ina jin da na ce a zubar da su, ba kabarinsa kaɗai nake tunani ba.

Na bincika akwatina, ina da wasiƙunsa goma sha ɗaya na Jamus, da ajami. A uku ya yi maganar kiɗan. Ba za su maye casa'in da shida ba. In kina so in ba mai zuwa ya kawo miki su, ainihinsu, ba hoto ba.

Maganar Sedgefield na janye bakina. Ki yafe mini, ko ki zage ni, amma ki amsa.

Ƙaninki,
Ma'aruf

Daga Hajiya Huseina, Greensboro, kwana biyu da fita takaba

Ma'aruf,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na fita shekaranjiya, matan Hausawan garin nan sun zo, an yi waina, an yi addu'a, na sa atamfa mai ja. Ganye duk ya zube a ƙofar gida, Muzammil ya zo ya share ba a sa shi ba. Ka gai da Sa'ida, ka ce rubutun da aka yi mini ta shanye, ita ke zaune da kai, ta fi ni bukata.

Wasiƙun ka ba mai zuwa. Ka sa su a leda, kada kuma ka ba wanda zai ga Larabci ya kai masallaci.

Yafiya na yafe, don ban da ƙarfin ɗaukar ka ga gwiwa ga kai. Amma akwai aiki.

Ga yadda nake yi. Na baza takardun a kan gadon Malam. Da hantsi in ɗora faifai in zauna in ji shi, in tambayi kaina, Huseina, da kika ji wannan me ya fito daga bakinki? Sai in bi takardun in nemo. Wani tun minti na farko na gane. Jakin da ya faɗa rijiya ya koma gidansa ranar Talata, kwali ne mai toka-toka daga Folan, ba shakka shi ne, har kwanukan. Wani sai na ji shi sau huɗu. Desmond yana zuwa Lahadi ya zauna a baranda ya taimaka da na shekarun baya-bayan nan, amma shi bai san zagin Hausa ba, sai dai ya ce ranar ana ruwa. Duk duniya ni kaɗai zan iya wannan aiki, don ni na yi zagin. Zuwa yau na mayar da talatin da ɗaya. Ka yi lissafi da kanka, kai ne hedimasta. Na gaya wa Muzammil in ya ga na gama sai mu yi maganar tashi. Ya ce Mama wannan ai shekaru ne. Na ce to.

Naka aikin ga shi. Akwai takarda ɗaya da ba ni a ciki. Ta ce: "Funtua, gidan Ubaidullah mai lantarki. Ma'aruf ya gudu a wurin ganguna. Laifina ne, na fara masa da mai wuya. Wata rana zan sake gwadawa da mai sauƙi." Ita ba ta ƙone ba. Na ware faya-fayai bakwai masu ruguzowar ganguna daga cikin na akwatin ƙarfe. Duk Lahadi bayan azahar ɗinmu, ku kun yi magariba, zan kira ka in ajiye wayar kusa da sipika. Za ka ji shi tun daga farko har allura ta ɗaga, ka gaya mini ko shi ne. In ka katse, in sake daga farko. In ka ce tsaya ki ji, in sake daga farko. Ka gaya wa malamin unguwarku nauyin a wuyana, ba a wuyan mamaci ba.

Waɗanda takardarsu ta ƙone kuwa ba zan bar su tsirara ba. In na bi takardun duka ban samu ta faifai ba, sai in yanki sabuwa in rubuta da kaina. Jiya na yi ta farko. Goge ne wajen sittin suna hawa suna hawa kamar za su tsage rufi, sannan shiru mai tsawo, sannan wata 'yar sarewa ita kaɗai. Na sa kwanan wata yadda yake sawa. Na rubuta: "Greensboro. Malam ba ya nan. Har yanzu kamar ƙofar gareji ce ba mai. Na ji shi har ƙarshe, a zaune, ba a bakin ƙofa ba."

Lahadi ka caja wayarka.

Huseina